Daren da Ta Ƙi Tashi

Bayan isha'i na danna mata, ta yi gum.
Na sake dannawa, sai baƙin allo
da ɗan farin layi a kusurwa yana ƙifta ido,
ya san laifin, amma ba zai faɗa ba.

Ni na jawo.
Kwamfutar ƙungiya ce, ta manoman riɗin Gagarawa.
Gida biyu ne a cikinta, zaure ɗaya:
Windo a dama, inda sunayen jama'a ke kwance,
Linos a hagu, inda nake koyon abin da ba a aike ni ba.
Kullum mai gadin zaure kan ce, ina ka nufa?
In nuna, ya buɗe.

Sai kwaɗayi ya raɗa mini:
don me sai ka fita waje kafin ka shiga maƙwabta?
Gina ɗaki cikin ɗaki mana,
kwamfuta a cikin cikin kwamfuta,
ka leƙa can kana zaune nan.
Na sauke kayan ginin da datar ɗari biyar.
Sau uku ta tambaye ni, sau uku na ce to,
ko ɗaya ban karanta ba.

Ga shi gobe rabon taki.
Suna ɗari uku da sha ɗaya, kowa da buhunsa,
kuma tun bara Baba Jatau ke cewa
takarda dai ba ta taɓa ƙin tashi ba.
Batirin sola ya fara kukan ɗan tsako.

Na hau tudun bayan famfo,
can kaɗai sabis yake yarda ya tsaya,
na tashi ƙanwata Zulai a Dutse.
Ba ta yi dariya ba sai daga baya.
Ta ce, Yaya, gida bai rushe ba, hanya ce ta ɓace.
Filashin da na bar maka yana nan?
Tashe ta da shi, ka shiga ta taga,
ka fara kwashe sunayen.
Ba a gyaran rumbu da hatsi a ciki.

Na sauko, na kwashe, na koma tudu.

Ta ce, sabuwar ƙwaya ce ta ƙi tsira.
Ka ɗaura mata kayan da ba su da hatimi,
mai gadi kuwa an hore shi, ba hatimi, ba shiga.
Duba ƙasan jeri, tsohuwar ƙwaya na nan
kamar irin bara a gindin tulu.
Tashi da ita, ka cire abin da ka cusa,
ka sa a sake wa mai gadi karatu.

Ba takarda a kan tudu.
A tafin hannu na rubuta umarnin da biro,
kafin in iso ɗaki gumi ya lashe harafi guda.
Kwamfuta ta ce ba ta san wannan magana ba.
Na koma. Hawa na huɗu,
karen gidan Tambai ma ya gaji da yi mini haushi.

Sai rubutu ya shiga zuba, fari kan baƙi,
layi na korar layi kamar riɗi daga bakin buhu.
Ban gane rabinsa ba.
Na dai riƙe numfashi, na kashe, na kunna.

Zakaran farko da mai gadi tare suka yi magana:
ina ka nufa?
Layi biyu, kowanne a mazauninsa.
Na shiga dama. Duk suna nan,
har Lantana mai rabin buhu.

Ɗaki cikin ɗaki kuwa, Zulai ta ce in jira hutu,
za mu gina da hatimi, ina karantawa kafin in ce to.

Da hantsi Baba Jatau ya miƙo hannu mu gaisa,
ya juya tafina, ya daɗe yana duban shuɗin tawada.
Ya ce, sakatare, ashe kai ma ka dawo rubutu?
Na ce, Baba, buhu biyu ne naka. Dangwala a nan.